Tambaya da Amsa: Wa Zai Kai Kayan Rumbu, Kai Ko Na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta. Na rubuta wata 'yar manhaja da yaren Python mai gyara rubutun Hausa: in mutum ya rubuta k' ko d' ko b', sai ta mayar masa da su ƙ, ɗ, ɓ. Na ɗora ta a PyPI, rumbun manhajojin Python na intanet, ban ankara ba sai na ga wasu sun fara amfani da ita. Damuwata ita ce duk sanda zan fitar da sabuwar siga sai na zauna na haɗa ta a laftof ɗina, sannan na tura da twine, kayan aikin tura manhaja zuwa PyPI. Sau biyu data na ƙare mini ina tsakiyar turawa, sau ɗaya kuma na manta ban canza lambar sigar ba. Yanzu wani abokina yana so ya riƙa taya ni, ya ce in turo masa mabuɗin asusuna na PyPI ta WhatsApp. Na ji an ce ana iya sa GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye rubutun aikinsu, ya riƙa yin turawar da kansa. Yaya ake yi? Kuma ba ganganci ba ne a bar na'ura tana fitar da kaya da sunan mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka, don mu da muke fama da lanƙwasassun baƙaƙen nan kullum mun san amfanin abin da ka yi. Amma kafin mu je ko'ina: kada ka tura mabuɗin nan. Ba wai ina zargin abokinka ba ne. Wayarsa ce ban sani ba, da wanda yake ara wa ita, da ranar da za a fizge ta a tasha. Duk wanda ya riƙe mabuɗin PyPI naka, kai ne a idon PyPI, kuma abin da ya ɗora zai shiga kwamfutar duk wanda ya yarda da sunanka. In har ka riga ka tura, ajiye mujallar nan ka je ka soke shi, sannan ka dawo mu ci gaba.

Bari in ba ka labarin yadda ni na koyi wannan karatu, don ban koye shi a aji ba.

Shekarun baya ina aiki a wani ƙaramin kamfani, muna da wani ƙunshi na Python, wato manhaja haɗaɗɗiya da ake saukewa a girka, da muke rabawa kyauta. Wata Alhamis da dare, gobe zan kama hanyar gida, babu wuta, batirin laftof ya yi ja, na ce bari in fitar da siga 0.4.0 in huta. Na haɗa, na tura, na rufe kwamfuta. Washegari ina cikin mota, ko rabin hanya ba mu yi ba, sai ga saƙo: wanda ya sauke sabuwar sigar ya ce tana buɗewa take mutuwa. Ashe akwai wani fayil na jerin kalmomi da manhajar ke karantawa, ban saka shi cikin ƙunshin ba. A wurina komai lafiya lau, tunda fayil ɗin yana zaune a foldata. Da na isa gida na yi abin da kowane sabon shiga yake yi: na goge 0.4.0 daga PyPI, na gyara, na sake turawa da wannan lambar. PyPI ya ƙi karɓa. Ya ce an riga an yi amfani da wannan sunan fayil, in nemi wata lamba. Dole na fitar da 0.4.1 ina ji ina gani.

Ba nan abin ya tsaya ba. Cikin gaggawa na yi gyaran a laftof ɗina, na tura wa duniya, amma ban ajiye shi a git ba, wato tsarin da ke adana rubutun manhaja da tarihin kowane gyara. Bayan wata uku wani abokin aikina ya fitar da 0.4.2 daga tasa kwamfutar, daga abin da ke cikin git, sai matsalar nan ta dawo daram kamar ba a taɓa gyara ta ba. Muka wuni muna neman aljanin da ya shiga manhajar, alhali aljanin ni ne.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga wannan abin kunya nawa, kuma duk sauran bayanin a kansu ya ratayu.

Na farko, ɗora kaya a rumbun manhajoji zarar bunu ne, kamar magana. PyPI ba ya barin a sake amfani da sunan fayil ko da ka goge na farkon. A npm, rumbun masu JavaScript, lambar sigar da aka taɓa amfani da ita ta ƙone ke nan har abada. A crates.io na masu yaren Rust ma siga ba ta goguwa, sai dai ka yi mata alamar janyewa don kada sababbin mutane su ɗauka. Ba mugunta ba ce ta sa suka tsaurara. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da npm a kan sunan wani ƙunshinsa da kamfanin Kik ya nema, sai ya fusata ya kwashe kayansa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, wanda duka-duka layi 11 ne, aikinsa kawai cike gurbi a hagun rubutu. Sai ga shi manyan ayyuka irin su Babel, da dubban da suka jingina da su, sun kasa haɗuwa a faɗin duniya. Sai da npm ya dawo da ƙunshin da kansa, sannan ya taƙaita wa mutane ikon gogewa. Yau in ka ɗora abu a npm, gogewa cikin sauƙi sai a awa 72 na farko, shi ma in babu wanda ya dogara da shi. Kai ma tun ranar da mutum na farko ya rubuta sunan manhajarka cikin jerin abubuwan da aikinsa ke buƙata, ta daina zama taka kai kaɗai.

Na biyu, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa nake goyon bayan a ba na'ura wannan aiki: abin da mutane suke saukewa ya kamata ya zama shi ne abin da ke cikin git, ba ƙari ba ragi. Mutane kan ɗauka amfanin sarrafa turawa shi ne rage wahala. Wahalar me? Umarni biyu ne, minti uku. Amfanin gaske shi ne kwamfutar GitHub ba ta san foldarka ba. Kullum sabuwa fil ake ba ka, babu komai a cikinta, ta kwaso abin da ka ajiye a git, ta haɗa, in ta gama a rushe ta. Fayil ɗin da ka manta ba ka ajiye ba, babu inda za ta samo shi, don haka asirinka zai tonu a gaban idonka, ba a gaban mai amfani ba.

Kada ka ɗauka wannan damuwar ƙananan ayyuka ce irin namu. A ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, Andres Freund, ya sanar da cewa ya gano ƙofar baya a cikin xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince masa ya riƙa fitar da siga, sai ya dasa tarkon a 5.6.0 da 5.6.1. Abin lura a nan: ɓangaren da ke kunna tarkon ba ya cikin git inda jama'a ke dubawa, yana cikin ƙunshin da aka haɗa da hannu aka saki ne. Masu bincike suna kallon tukunya, guba tana cikin kwanon da aka zuba.

To, yaya ake yi? Zan faɗa maka yadda nake yi, kuma ba wani abu ne mai tsawo ba.

Fara da lambar siga, tunda ka ce ta taɓa ba ka kunya. Mantuwa na zuwa ne saboda lambar tana rubuce a wuri biyu ko uku. Mayar da ita wuri ɗaya. Ni na fi son tambarin git, wanda ake kira tag, ya zama shi ne tushe: ka buga tambari v1.3.0 a kan ajiyar git, wato commit, da kake so ka fitar, sai wani kayan aiki mai suna setuptools-scm ya karanta lambar daga nan lokacin haɗawa. Ba ka rubuta ta a pyproject.toml, fayil ɗin bayanan ƙunshi, ba, ballantana ka manta da canza ta.

Ita kanta lambar tana da ladabi. Tsarin da aka fi bi, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, gida uku ne. In ƙwaro ka kashe ba tare da canza halin manhajar ba, ƙara na ƙarshe: 1.3.0 ta zama 1.3.1. In sabon abu ka ƙara kuma tsohon yana nan yadda yake, ƙara na tsakiya. In ka canza abin da zai karya aikin wani, ƙara na farko. Ga misali daga gonarka. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa. A ce manhajarka ta saba barin 'y yadda take, sai wani daga Maraɗi ya roƙe ka ka riƙa mayar da ita ƴ. In ka ƙara wannan a matsayin zaɓi, wanda yake so ya kunna, na tsakiya za ka ƙara. In kuwa ka mayar da shi abin da take yi kai tsaye, to duk wanda ya tara rubutu dubu da 'y zai wayi gari bincikensa ba ya samo 'yar kowa. Layi ɗaya ka canza, amma 2.0.0 ce. Wannan hukunci na'ura ba za ta yanke maka shi ba. Akwai kayan aikin da ke karanta saƙonnin ajiyarka su zaɓi lamba da kansu, suna da amfani a babban aiki mai ma'aikata da yawa, amma a aikin mutum biyu ban ga dalilinsu ba.

Sai takardar umarni. A cikin ma'ajiyarka ta GitHub za ka buɗe folda .github/workflows, ka saka fayil guda, a ce release.yml, ka gaya masa ya tashi duk sanda aka turo tambarin da ya fara da v. Raba aikin gida uku. Kashi na farko ya gudanar da gwaje-gwajenka. Kashi na biyu ya haɗa ƙunshin da python -m build. Kashi na uku ya tura, kuma kada ya motsa sai biyun farko sun wuce lafiya.

A kashi na biyu akwai wata dabara da da na san ta da ban sha kunyar 0.4.0 ba. Bayan an haɗa ƙunshin, a girka shi a wuri mai tsabta, a fita daga foldar aikin, a kira shi kamar yadda baƙo zai kira shi. Kai ko layi ɗaya ya isa: a ba shi k'asa, a ga ko ya dawo da ƙasa. Yawancin mutane rubutun manhajar suke gwadawa, ba ƙunshin ba, alhali ƙunshin ne ke tafiya kasuwa. Mai tuwon sayarwa ba garin take ɗanɗanawa ba.

Yanzu maganar mabuɗi, wadda ita ce zuciyar tambayarka. A da, abin da ake yi shi ne a ƙirƙiri mabuɗi a PyPI a ɓoye shi cikin asirran GitHub. Ya fi WhatsApp, amma dai mabuɗi ne mai dogon rai, in ya zube ya zube. Tun watan Afrilun 2023 PyPI ya kawo abin da ya kira Trusted Publishing, wato turawa bisa shaida. Za ka shiga shafin manhajarka a PyPI ka cike gurbi huɗu: sunan mai ma'ajiyar, sunan ma'ajiyar, sunan fayil ɗin umarni, da sunan shingen da GitHub ke kira environment. Shi ke nan. Idan lokacin turawa ya yi, GitHub zai ba aikin wata takardar shaida mai sa hannu da ke cewa wannan aiki daga ma'ajiya kaza yake, daga fayil kaza. PyPI ya duba, in ta dace da abin da ka rubuta, ya ba da mabuɗin wucin gadi mai rayuwar minti 15. Babu abin da za ka kwafa, babu abin da za ka adana, babu abin da abokinka zai roƙa. A ɓangaren GitHub, kashi na uku kaɗai za ka ba izinin id-token: write, ka kira pypa/gh-action-pypi-publish ya ƙarasa. Daga baya an buɗe wannan hanya ga GitLab, takwaran GitHub, kuma npm da crates.io su ma sun bi sahu a 2025.

Shingen nan da na ambata, kada ka tsallake shi don an ce ba dole ba ne. A cikinsa kana iya cewa sai wane ya amince kafin aikin ya wuce. Saka sunanka. Abokinka ya rubuta gyara, ya buga tambari, na'ura ta yi gwaji ta haɗa, sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta aiko maka da saƙo. Kai kuma ka duba ko a waya ne, ka danna amincewa. Ka ga ya taya ka aiki ba tare da ka ba shi makullin ɗaki ba. Kuma matsalar datarka ta kau, domin abin da ke fita daga wayarka ko laftof ɗinka tambari ne kawai, wanda bai kai nauyin saƙon tes mai tsawo ba. Dakon kayan tsakanin kwamfutocin GitHub da na PyPI yake, inda NEPA ba ta da iko.

Ka tambaya ko ba ganganci ba ne. Gaskiya akwai haɗari, kuma ba zan ɓoye maka ba don in sayar da shawarata. A Disambar 2024 an fitar da gurɓatattun sigogi na ultralytics, wani shahararren ƙunshin Python na gane abubuwa a hoto, ɗauke da manhajar haƙar kuɗin kirifto. Biyun farko, 8.3.41 da 8.3.42, ta hanyar na'urar turawar aikin da kanta suka fita. Maharin ya samu ɓaraka a wata takardar umarni da ke ɗaukar sunan reshen git da baƙo ya turo da gyaransa ta cusa shi cikin umarni ba tare da tacewa ba, sai ya rubuta umarninsa a matsayin sunan reshe. Bayan an gano, sai ga wasu gurɓatattun sigogin biyu sun sake fitowa, su kuma da wani tsohon mabuɗi da ba a soke ba. Wato an yi sabuwar ƙofa ta ƙarfe, an bar tsohuwar ta kara a buɗe. Don haka ranar da sabuwar hanyarka ta fara aiki, a ranar za ka shiga PyPI ka soke duk tsofaffin mabuɗanka, ka kuma goge fayil ɗin .pypirc, inda ake ajiye mabuɗin PyPI, da ke laftof ɗinka.

Wani darasin ya zo a Maris na 2025. Akwai wani ƙaramin kayan aiki na GitHub Actions, wato tsarin da ke gudanar da takardun umarnin nan, mai suna tj-actions/changed-files, wanda ma'ajiyoyi sama da 23,000 ke kira. Wani ya samu iko da shi, ya karkatar da tamburansa suka koma nuna gurɓataccen rubutu mai zazzage asirran mutane cikin rahoton aiki, inda kowa zai iya karantawa in ma'ajiyar a buɗe take. Tambari a git ana iya ɗage shi a mayar wani wuri. Abin da ba ya ɗaguwa shi ne doguwar lambar ajiya mai baƙi 40. Saboda haka a takardar turawarka, kayan wasu da za ka kira su zama kaɗan ƙwarai, kuma ka ɗaure kowanne da doguwar lambar, ba da v4 ko v1 ba. Ba ta da kyan gani, na sani. Rubuta lambar sigar a gefenta don ka gane.

Wani abu da zai iya cinye maka yini: in ka ce wata takardar umarni ta riƙa buga tambarin da kanta da mabuɗin da GitHub ke bayarwa kai tsaye, takardar turawa ba za ta tashi ba. Da gangan GitHub ya yi haka don kada ayyuka su riƙa tayar da juna ba iyaka. Na taɓa zama ina sabunta shafi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Buga tambarinka da hannunka, ka huta.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira sai ranar da kake da gyaran gaggawa sannan ka zauna haɗa wannan. Akwai TestPyPI, rumbun gwaji mai asusu daban, an yi shi ne don a ɓata. Gwada can sau biyu sau uku har ka ga ya tafi daidai. In kuma wata rana mummunar siga ta kuɓuce maka duk da haka, kada ka goge irin nawa. PyPI yana da maɓallin janyewa: sigar tana nan ga wanda ya kira lambarta takamaimai, amma pip, mai girka ƙunshin Python, ba zai ɗauko wa kowa ita da kansa ba. Janye, rubuta dalili a layi ɗaya, fitar da ta gaba. Tun farkon 2024 PyPI ya wajabta tabbaci mai mataki biyu ga masu ɗora kaya, don haka na san kana da shi. Lambobin ceton da ya ba ka ne nake so ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta, ba a cikin wayar da za ta iya faɗawa kwata ba. Ka sa wa asusunka na GitHub irin wannan kulawar, don yanzu shi ne ƙofar rumbun.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da wata manhajar lissafin shago ta Windows da nake raba wa 'yan kasuwa kyauta. Wani ɗan'uwana ya taimaka ya saka ta a winget, kayan girka manhajoji na Windows, amma duk sanda na fitar da sabuwa sai ta yi makonni ba ta bayyana a can ba. Kwanan nan ma wani ya ce mini winget ya ƙi girka masa, wai lambar shaida ba ta dace ba. Shin abin da ake yi wa PyPI zai yi mini? Daga wata 'yar'uwarku a Kano.

Amsa: Barka kadai, Malama. Zai yi, amma rumbun naki wani iri ne. PyPI da npm rumbu ne da kike da makullin ɗakinki, ki shiga ki ajiye. Winget, wanda Microsoft ya fito da shi a 2020, ba ya ajiye manhajarki ko kaɗan. Abin da yake ajiyewa 'yan takardun bayani ne a wata ma'ajiya ta GitHub mai suna winget-pkgs: sunan manhaja, lambar siga, adireshin da za a sauko da fayil ɗin girkawa, da lambar shaidarsa ta SHA256. Sabuwar siga tana nufin a aika buƙatar gyara waɗannan takardu, na'urorinsu su sauke fayil ɗin su bincike shi, sannan masu dubawa su amince. Jinkirin makonnin nan, ina kyautata zaton ba daga wurinsu yake ba. Ɗan'uwanki ne bai samu sukunin aika buƙatar ba, kuma babu wanda ya aika.

Maganin wannan shi ne wingetcreate, kayan aikin Microsoft ɗin da kansa. Ana ba shi sunan manhajar, sabuwar lamba da sabon adireshi, ya sauke fayil ɗin, ya lissafa lambar shaida, ya gyara takardun, ya aika buƙatar. Ana iya saka shi a takardar umarni ta GitHub ya tashi duk sanda kika fitar da siga. Sai dai shi yana buƙatar mabuɗin asusun GitHub, don da sunan mutum ake aika buƙatar. Ki ba mabuɗin mafi ƙarancin izinin da aikin ke nema, ki sa masa ranar mutuwa, ki rubuta ranar a kalanda, don in ya mutu shiru za ki ji. Abin da na'ura za ta iya shi ne kai takarda ofis a kan lokaci. Sa hannu na masu dubawa ne, kuma wani lokaci sai an jira.

Batun lambar shaida kuwa, ban ga shafinki ba amma kusan zan iya rantsuwa a kan abin da ya faru. Fayil ɗin girkawarki yana da suna guda, irin su setup.exe, a adireshi guda, kuma duk sabuwar siga kina ɗora ta a kan tsohuwar. Takardar winget tana riƙe da shaidar tsohon fayil, ta je adireshin ta tarar da sabo, ta ga ba shi ba ne, ta ƙi. Kuma daidai ta yi: ba ta da hanyar sanin ke kika canza shi ko ɓarawo. Ki saka lambar siga cikin sunan fayil ɗin ko cikin adireshin, kowace siga da gidanta, kuma fayil ɗin da kika riga kika saki kada ki sake taɓa shi, ko da wasali ɗaya kika ga ya karkace a allon farko. Shafin fitarwa na GitHub yana yin wannan da kansa, don adireshin kowane fayil yana ɗauke da tambarin sigarsa. Homebrew na masu Mac ma haka yake aiki, adireshi da lambar shaida, in wata rana kin nufi can.

Tambaya: Malam, nawa ake biya a duk wannan? Ni ko katin dala ba ni da shi. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ko sisi, ɗan'uwa, kuma ba a tambayar kati. Ɗora ƙunshi a buɗe a PyPI ko npm kyauta ne. PyPI yana ƙarƙashin gidauniyar Python ne, da tallafin kamfanoni yake tafiya. GitHub Actions kyauta ne ga ma'ajiyar da ke buɗe ga jama'a, in kuma rufaffiya ce ana ba asusun kyauta minti 2,000 a wata. Ƙaramin ƙunshi irin na ɗalibinmu na Zariya, daga gwaji zuwa turawa, da wuya ya ci minti biyar. Abin da zai ci kuɗinka shi ne datar yammacin da za ka zauna kana gyara release.yml, don irin wannan fayil, da ake kira YAML, ba ya yafe gurbi ɗaya da ya karkace, kuma ni sai a turawa ta shida nawa ya tashi.